Shafin Mai Laima

'Yarsa Auta na tsakiyar karatu Farfesa ya ji leɓensa na motsi. Ya tsaya ya saurari kansa. Ikon Allah! Bakinsa ne ke riga yarinyar isa kalma ta gaba, shi da bai san ko zagi take yi ko addu'a ba.

Bakanike ne. A gareji aka laƙa masa Farfesa, saboda tabarau da jaridar Turancin da ba ta barin hammatarsa, alhali iyakarsa da ita kallon hotunan 'yan ƙwallo. Sunan ya yi masa daɗi har ya biyo shi gida. Ranar taron iyaye, malamar Turanci ta aji ɗaya na sakandare ta ce Auta na dab da maimaita aji, sai dai in kullum za ta yi wa wani babba karatu a bayyane na minti ashirin, ya sa hannu a kati. Kafin ta rufe baki ya buga ƙirji.

"Wannan ai aikina ne, Malama."

Yau kwana goma sha tara ke nan da la'asar sai ya harɗe a benci, yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Wani sa'in har gyaran murya yake yi ya ce, "A hankali dai," don a san ana biye.

To amma kunnen da ke gane ciwon inji tun mota ba ta shigo gareji ba, ba a yi masa wayo har abada. Sauti ɗaya ya yi ta sha har ya haddace. Ya leƙa littafin ta saman tabarau. Ga hoton nan na mutum riƙe da laima, ga tabon baƙin man da yatsansa ya bari a gefen shafin tun ranar farko.

Ransa ya ɓaci, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya maida shi ya rufe. In ya ce ta yaudare shi, tambaya ɗaya ce: kai kana ina duk kwanakin nan? Sa hannu goma sha takwas ya zuba a katin, kowanne da doguwar wutsiya irin ta manyan ma'aikata. Jarrabawa kuwa saura mako uku.

"Farfesa, yau babu gyara ne?" in ji matarsa daga kicin, da muryar nan tata ta wadda ta san komai.

Ya juya ga yarinyar. Ya ce, "Auta, mutumin nan mai laima, ina za shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban sani ba, Baba."

"Kwana goma sha tara kina raka shi."

"Malama ce ta karanta mana a aji, na riƙe da ka." Ta nuna shafin da yatsa. "Sauran shafukan ban iya ba. Ina tsoron in yi kuskure a gabanka, kai da ka san Turanci."

Kunya ta kashe shi a zaune. Ashe duk unguwar mutum ɗaya ce ta yarda da farfesancinsa, kuma ita ya cutar. Lalle kayan aro ba sa rufe katara.

Ya cire tabarau ya ajiye kan jaridar.

"Zo nan kusa. Ni da ke jirgi ɗaya ya kwaso mu. Wallahi ko kalma biyar ban gane ba a shafin nan."

Ta ɗago ta zuba masa ido. A kicin ludayi ya daina ƙara.

"Juya shafi. Ki karanta layi ɗaya, ki faɗa mini da Hausa. Wadda ta gagare ki, ki ja mata layi da fensir, gobe a kai wa Malama."

"Wa zai kai?"

Ya tuna da ƙirjin da ya buga. "Ni."

Kafin magariba layi huɗu suka ci, kalma goma sha ɗaya suka ja wa layi. Ta miƙo masa katin. Ya sa hannu, ɗan ƙarami, babu wutsiya.