Tarar Awa Guda

"Wannan ba jirginku ba ne," in ji mai duba tikiti. Ya miƙo wa Lalla Mbarka takardun da 'yan yatsu biyu, kamar daga kwata ya tsamo su.

Ita dai ba ta gane ba. Jirgin ƙasa ne mai zuwa birnin Fas, kuma Fas ɗin za su. Mijinta Si Bushta na zaune a bakin taga, yanar ido ta rufe masa idanu fari fat. Ya ɗaga hannu ya nuna agogonsa, wanda ita ke karanta masa tun bara, ya ce ƙarfe tara aka rubuta musu, ƙarfe tara kuma suka hau a tashar Taza.

"Taran wa, Baba? Goma ta gota. Naku ya wuce tun awa guda."

Nan Mbarka ta gane. Gwamnati kan ja agogo baya da awa guda in azumi ya kama, ta mayar da shi bayan sallah, kuma jiya Lahadi aka mayar. A ƙauyensu ba mai kulawa. Daga liman har mai gasa burodi tsohuwar awa suke bi. Wallahi sai da ta ce a tambayi maƙwabta, tsohon nan mai taurin kai ya ce rana ba ta karɓar umarni daga gwamnatin Rabat.

Mai duba tikitin, saurayi ne mai gashin baki a gyare tsaf, ya karanto musu doka kamar ɗan makarantar da ya sha hadda. Tikitinsu ya mutu. Kowannensu sai ya sayi sabo, a ɗora masa tara. Wanda bai biya ba, a tasha ta gaba zai sauka.

Mbarka ta dubi taragon. Rabinsa ba kowa, kujeru sai hamma suke yi. Ta ce masa kuɗinsu fa suka biya, hanya ɗaya ce, ba su zauna a cinyar kowa ba. Ta gaya masa wata takwas suka yi suna jiran ranar yau, ƙarfe ɗaya za a yi wa mijinta aikin ido, wanda ya makara kuma ƙarshen layi ake mayar da shi. Likita ya riga ya faɗa, idon dama ba zai ƙara jiran wata takwas ba.

"Inna, kowa da labarinsa. Jiya ma wata ta ce min uwarta ce ta rasu."

"To Allah ya sa ƙarya ta yi maka, ɗana," ta ce.

Wani mai ɗamarar wuya irin ta 'yan boko a kujerar gaba ya cire abin sauraren waƙa daga kunnensa, ya ce don Allah a rage surutu, mutanen ƙauye su ne suka hana ƙasar nan ci gaba, ko agogo ba su iya gyarawa. Wata mata ta yi dariya ta cikin hanci. Sauran kowa ya dukufa a kan wayarsa. Haushinsu ya fi na mai tikitin cin Mbarka, don shi ko ba komai albashi ake biyansa ya yi rashin mutunci, su kuwa kyauta suke yi.

Si Bushta ya fara lalube zai miƙe. "A kira min babbansu."

"Zauna, Alhaji. Kai da ranarka kun gama mana aiki."

Ya zauna. Shekara arba'in da aure, ba ta taɓa ganin ya haɗiye magana haka ba, sai tausayinsa ya kama ta a kan haushin.

Ta juya baya ta zaro ƙullin da ke ƙirjinta. Kuɗin maraƙin da suka sayar ne, na aikin ido, ba za ta taɓa shi ba ko za a yanka ta. Abin da ke gefe, na abinci da motar asibiti, shi ta shafa da yatsu. Mutum ɗaya zai fitar. Ta roƙi saurayin ya yi musu tara ɗaya su biyun, tunda kuskuren ɗaya ne. Ya ce na'urarsa ba ta san miji da mata ba, kai take ƙirgawa.

Jirgi ya fara rage gudu, gidajen Wad Amlil, tasha ta gaba, suka bayyana.

"Rubuta nasa," ta ce.

Ya danna na'ura, takarda ta fito. Si Bushta ya ji ƙarar, ya tambaya me ake ciki. Ta tura masa ƙullin kuɗin can cikin jallabiyarsa, ta haɗa da katin asibiti, ta sa tsinken gyalenta ta maƙale aljihun. Sannan ta kamo hannun tsohon ta ɗora a damtsen mai duba tikiti, ta matse yatsun ɗaya bayan ɗaya a kan rigar aikinsa.

"Ni ce idonsa, ka sauke ni. To ga shi nan. Ƙarfe ɗaya, ta sabuwar awarku. Ba ya ganin matakala, kuma in an ja shi da sauri jiri yake ɗibansa."

"Inna, wannan ba aikina ba ne. Ke, Inna!"

Ta riga ta ɗauki kwandonta. Ta bi ta gaban mai ɗamarar wuya, ta taka masa ƙafa ba tare da ta ce sannu ba, ta sauka. Ƙofa ta rufe. Ta tsaya a dandamali cikin rana tana kallon taga, Si Bushta kuma ya juyo da fuska wajen da ba ta nan.

A ciki, saurayin ya nemi zare hannunsa. Ina! Hannun da ya yi shekara hamsin yana riƙe garma ba ya saki da lallashi. Ya dubi fasinjojin ko wani zai karɓe shi, kowa ya ƙara dukufa a kan wayarsa. Saura tarago biyar bai duba ba.

Si Bushta ya miƙe tsaye, ya gyara hularsa da ɗaya hannun.

"Mu je, ɗana," ya ce. "Ci gaba da aikinka. Ina riƙe da kai."