Baitin da Babuji Ya Faɗa Sau Ɗaya

"Ba haka na ce ba, Fulmati! Sake."

Na dangwarar da dutsen guga, na share gumi. Sau biyar ke nan ina maimaita layi ɗaya, ga rigunan mutane jibge suna jirana.

"Babuji, ni fa mai guga ce. Ko sunana ban iya rubutawa ba. Ka nemi masu tabarau mana."

"Masu tabarau sun ɗauka na mutu tun bara," ya ce ta kan katanga. "Sake."

Babuji Girdari maƙwabcina ne a Mirzafur. An ce yana cikin waɗanda suka fara waƙa da irin Hindin da muke ciniki da shi a kasuwa, lokacin da malamai ke ganin hakan zubar da mutunci ne. Aka zage shi, daga baya aka sa shi a littafin makaranta, sannan aka manta da shi. Yanzu ido ya tafi, hannu na rawa, ɗansa Nirmal yana can birnin Dilli. Ga waƙa ta taso masa kan marigayiya matarsa, baiti shida, babu mai rubuta masa. Sai ya mayar da kaina takarda.

Kwana tara muna haka, ya faɗa, in maimaita. Na yi ta mita, amma gaskiya tun mutuwar mijina ba wanda ya taɓa zama yana jiran in buɗe baki sai tsohon nan.

Rana ta goma na kai masa shayi da gurasar roti, ya ba ni baiti na shida. Sau ɗaya ya faɗa, muryar can ƙasa.

"Gobe ma gyara," ya ce. "Je ki, gawayinki zai mutu."

Da la'asar na leƙa, na tarar da shi a kan gadonsa na igiya, jiki har ya yi sanyi.

Kafin a ɗauke shi zuwa bakin kogin Ganga inda muke ƙona mamatanmu, sai ga masu tabarau sun cika gidan, da furanni da mai ɗaukar hoto. Na ja wani mai furfura gefe.

"Ranka ya daɗe, akwai waƙar da ya bari a wurina."

"Ina takardar?"

Na nuna kaina. Ya dube ni sama da ƙasa.

"To, madalla. Inna, a taimaka mana da shayi."

Nirmal kuwa, da ya iso na faɗa masa, cewa ya yi, "Goggo, bari a gama zaman makoki tukuna." Ana gamawa ya garƙame gidan ya hau jirgi.

Da na ga haka, na yafa zanena na sari na nufi wurin Munshi Badri, mai rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar gidan waya.

"Yau kuma ƙarar wa za a kai, Fulmati?"

"Ƙararka. Ja alƙalami ka yi shiru."

Baiti biyar suka fito tiryan-tiryan, har Munshi ya daina tauna ganyen da ke bakinsa. Na shiga na shida, na faɗo layin farko:

"Kin bar takalmanki a bakin ƙofa, suna duban cikin gida."

"Uhum. Sai me?" in ji Munshi.

Na buɗe baki, babu. Na koma farko na gangaro, na sake tsayawa nan. Muryarsa ina jin ta, kalmomin ne suka ƙi zuwa. Ranar da aka ƙona shi ban yi kuka ba, amma a nan, gaban masu sayen kan sarki, na yi shi sosai.

"Haba, ƙara wani abu mana," in ji Munshi a hankali. "Wa zai sani?"

"Bar wurin haka."

Ya hure tawadar ya miƙo min. Ban iya karatu ba, amma na gane inda baƙin ya tsaya, da farin da ya rage a ƙasa, faɗin yatsa uku. Na ɗora babban yatsana a kai, ban ɗaga ba har na iso gida.