Ƙusar Shagona

Shugabanni goma sha ɗaya na rataye a ƙusa ɗaya, kuma har yau ban taɓa kwana a ofishin 'yan sanda ba. Ban shiga aji ba, amma ku nuna min mai digirin da ya yi haka.

Ni mai aski ne. Ranar da aka sauke tutar Turawa na buga ƙusar a saman madubin shagona, na rataye hoton wanda muka zaɓa. Da soja suka zo, kafin rediyo ya gama kiɗan badujala na sauya. Wani janar ya tuɓe kaki ya tsaya takara, ban ma sayi sabon hoto ba, na kai wa mai fenti ya sa masa riga da hula. Maƙwabcina mai gyaran agogo, da ya tsaya wai shi mai aƙida ne, shekara huɗu ya yi a tsare.

Zaɓen bana ne ya so ya kunyata ni. Mutum biyu suka ce sun ci, Mai Murmushi da Mai Tumbi, magana ta tafi kotu. Mai gidan da nake haya ɗan ɓangaren Mai Tumbi ne, ya rantse in ya ga wata fuskar a bangonsa zai watsar min da kujeru waje. Jami'in da ke sabunta mana lasisi kuwa na Mai Murmushi ne, ya ce shagon da bai san shugabansa ba, kwaɗo ne maganinsa. Tsohuwata, wato uwargida, ta ce in bar bangon haka nan. Na ce mata bangon da ba hoto ai shi ne babbar adawa.

Sai na manna hotunan baya da baya. Wanda na hango, in juya masa nasa. Wata biyu muna lafiya.

Ran nan mai gida na kan kujera, na shafa masa kumfa, na aske gefe ɗaya, Mai Tumbi na kallonmu daga sama, sai ga jami'i a bakin ƙofa da jakarsa. Na ajiye aska. Kafin ya gama sallama na sauke hoton wai zan kakkaɓe ƙura, na tura shi ƙarƙashin tawul, na rataye ƙaramin madubin da nake nuna wa mutane ƙeyarsu.

Jami'i ya tambayi ina shugaban ƙasa. Mai gida ma ya ɗago, kumfa har kunne, yana jiran amsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ku kuka ce yanzu jama'a ke mulki ba? Matso ka gaishe shi."

Ya matso, ya leƙa, ya gyara hularsa, ya ɗan jima yana kallo. Ya ce lallai tsohon nan akwai basira, ya buga min hatimi. Mai gida da na gama masa shi ma ya leƙa, ya shafa haɓa, ya ce ya ga alamar shugabanci.

Kotu har yanzu tana zama, shagona a buɗe. Hoton janar ɗin kuwa, da ma biyu gare ni, wanda ba a yi wa fenti ba yana cikin aljihun tebur. Duk mako nake goge shi.