Lamba Hamsin

Shekara goma sha ɗaya Clive Ormerod ya yi yana riƙe da kati arba'in da tara. Irin katunan nan ne da a da ake sakawa cikin kwalin sigari, kowanne da hoton soja a gaba, a baya kuma tarihin bataliyarsa da ƙananan haruffa. Jerin na kati hamsin ne. Na ƙarshen ne ya gagara, domin yaran da suka tara su a wancan zamani ɗaure su suke yi da roba, kuma katin da ke waje shi ke shan wuya: ko ya lanƙwashe, ko ya tsage, ko gumin hannu ya cinye shi. Clive ya sha ganin lamba hamsin a teburan dillalai, bai taɓa ganin wanda ya cancanci zama kusa da sauran ba, in ban da guda ɗaya. Wannan kuwa yana manne a shafin ƙarshe na kundin kakansa Wilf.

Kundin na uwarsa ne, Doreen. Tun da aka kai ta gidan kula da tsofaffi a gefen garin Bacup, a hannun Clive yake kwana, kowace Lahadi ya kai mata. A ƙarƙashin kowane kati Wilf ya rubuta da shuɗiyar tawada sunayen mazan unguwarsu da suka sa irin wannan kaki. Doreen ba ta iya tuna abin da ta karya da shi, wani lokaci ma da sunan ƙaninta take kiran Clive. Amma in ta ɗora yatsa a kan rubutun ubanta, sai ta karanta suna, ta faɗi gidansu, ta faɗi ko ya dawo daga yaƙi ko bai dawo ba. Awa ɗaya ke nan a mako da take komawa yadda ya san ta.

Ranar Asabar masu tara katuna suka yi kasuwarsu a zauren coci. Clive ya wuce kai tsaye teburin Len Pickup, tsohon dillalin da ya sayar masa da rabin abin da ya mallaka.

"Ga mai arba'in da tara," in ji Len. "Ka zo ka sake shafa min kaya ka tafi hannu a aljihu?"

"Tambaya na zo da ita."

"Wannan kyauta ce. Shayin can kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, ruwan wanke-wanke ne."

Clive ya yi masa bayanin kundin. Len ya cire tabarau, wasan ya bar fuskarsa.

"Da me aka manna shi?"

"Kullun fulawa."

"Ka tabbata? In gam ɗin zamani ne, ka koma gida ka yi kukanka."

"Na shinshina, na kankare gefe. Fulawa ce."

"To, mutumina, ka saurara. Kada ka ɓare. Kada ka kawo almakashi kusa da shi. Akwai wani a garin Rochdale da ya yanka kati daga takarda ya aske masa kusurwa, har yau ba na amsa gaisuwarsa. Ka zare shafin gaba ɗaya, ka kwantar da shi a ruwan ɗumi, ka naɗe hannu. Shi da kansa zai saki."

Ya sayar masa da sabon bugu na lamba hamsin a kan fam biyu, wanda zai manna a gurbin na ainihi in shafin ya bushe.

"Tsohuwar ba za ta gane ba?"

"Ba hoton take kallo ba," in ji Clive.

Da la'asar ya share teburin kicin. Ya kwance igiyar da ke riƙe da kundin, ya zare shafin ƙarshe mai kati biyar. Ya gwada ɗumin ruwan da gwiwar hannu kamar mai shirin yi wa jariri wanka. Kwana uku ya yi yana tunanin kullun, yana tunanin ko launin hoton zai dushe, ko bayan katin zai fito da tabo. A wurin masu wannan sana'a takardar kundi ba komai ba ce, abin da ake raba kati da shi ne a jefar. Ya kwantar da shafin a cikin tire.

Idonsa na kan katin, saboda haka bai ga farkon abin ba. Sai da ruwan ya fara sauya launi. Haruffan Wilf suna tashi daga takardar kamar hayaƙi, suna miƙewa, suna haɗuwa da juna. Ya san in ya ciro shafin a lokacin, da rabin sunayen sun tsira. Ya kuma san katin da ya jiƙe bai saki ba, in aka motsa shi, bayansa ke ɗayewa. Hannunsa ya tsaya a bakin tiren. Ba zai iya cewa ya yanke shawara ba. Ya dai tsaya yana kallo, kamar yadda aka koya masa, har katunan suka zame ɗaya bayan ɗaya suka yi iyo a cikin shuɗin ruwa.

Ya ɗauko lamba hamsin da hantsaki, ya ɗauraye, ya danne shi tsakanin takardu masu shan ruwa, ya ɗora littattafai a kai. Washegari da safe ya juya shi. Bayansa fes, babu harafin da ya ɓace, kusurwoyi huɗu a tsaye. Ya zura shi a aljihun roba na ƙarshe na littafin da yake jera katunansa, kusa da arba'in da tara. Ya ƙirga su daga ɗaya zuwa hamsin. Ya jira ya ji abin da ya daɗe yana zaton zai ji, bai ji komai ba, sai ƙarar firiji. Ya manna katuna huɗun da sabon bugun a kan shafin da ya bushe ya kumbura, ya mayar da igiyar, ya kama motar ƙarfe biyu.

Doreen na zaune a bakin taga da bargo a cinya.

"Ka yi latti, yaro. Ka ci abinci kuwa? Dubi wuyanka kamar na kaza."

"Na ci, Mama."

"Ƙarya kake. Kawo nan."

Ta fara daga farko kamar kullum. Albert Crabtree, gida na uku daga gidan burodi, ya dawo da ƙafa ɗaya, ya auri 'yar mai sayar da gawayin kwal. 'Yan'uwa biyu na gidan Nuttall, ba wanda ya dawo. Muryarta ta yi ƙarfi, har wata ma'aikaciya da ke wucewa ta leƙo ta yi murmushi. Clive na ƙirga shafukan da suka rage.

Da ta zo na ƙarshe, yatsanta ya sauka inda ya saba sauka. Ta ɗaga shi, ta sake saukewa. Takardar ta zama shuɗi mai dishi-dishi daga sama har ƙasa.

"Idona ne? Karanta min."

Clive ya duba. Shekara hamsin yana ganin wannan shafi. Yana iya faɗin lambar kowane kati, da bataliyarsa, da launin maɓallan rigar. Ya nemi suna ko ɗaya a kansa, bai samu ba.

"Akwai wani Harold, ina ji," in ji shi.

"Harold wa?"

Doreen ta shafa takardar, ta ji kumburinta. Ta koma shafin baya, ta dubi rubutun da ta gama karantawa yanzun nan, ta daɗe tana dubansa, bakinta bai motsa ba. Sannan ta rufe kundin a hankali, ta miƙa masa da hannu biyu, da irin ladabin da take yi wa baƙi.

"Wannan ba na Babana ba ne. Nasa duk da rubutu. Ka mayar wa mai shi, kada su yi ta nema."

"Naki ne, Mama."

"A'a, bawan Allah. In ka ga ɗana ka ce ya kawo min nawa."

Ta juya ta fuskanci taga. Clive ya zauna da kundin a cinya har aka shigo da keken shayi. Ma'aikaciyar ta tambaye shi ko yana so, ya ce i, da madara, ba sukari.