Mai Kwale-kwalen da Ba Ta Cikin Littafi

…a kife ma yake riƙe da littafin a ranar, haruffa sun yi ƙafa a sama, ita kuwa ba ta gane ba. Da me za ta gane? Ta fito shanya zannuwan gado, sai ga mutum zaune kan bencin ƙofar shagon wanki, baƙin tabarau a fuska, hannuwa duk tabon tartsatsi. Ƙanen uwar ɗakinta ne, mai walda, wanda wuta ta yi wa ɓarna a ido.

"Ke sabuwar mai guga, kin iya karatu?"

"Kaɗan."

Kaɗan! Sunan sabulu ta iya, da 'yar takardar wuyan riga, shi ke nan. Ya miƙo mata. Wai ta zauna su yi wasa. Wasa kuma, a cikin littafi? Ya yi murmushi ya ce in ta ji makaho ya ce a yi wasan jifa, to ya taka dutse.

Yanzu ma benci ne, amma na asibiti, na ƙarfe, sanyinsa har cikin ƙashi. Littafin yana kan cinyarta, marfin gwangwani da maɓallai suna cikin jaka. Ƙofar ɗakin a rufe. Yayarsa ta sauka karɓo magani. Yau za a kwance bandejin. An yi masa aikin idon, likita ta ce a sa rai, ba ta ce an tabbata ba…

Allah Ya sa ya gani. Da zuciya ɗaya take faɗa, wallahi da zuciya ɗaya. To me ya sa take tsoron a buɗe ƙofar nan?

Ba irin littafin da ake bi daga farko zuwa ƙarshe ba ne. Guntu-guntu ne, kowane guntu da lambarsa, kuma da kai yake magana. Kai ne ɗan maƙeri. An sace ƙararrawar garinku an kai ta kan wani dutse, tun daga ranar ba wanda ya ƙara farkawa daga barci sai kai. Idan za ka bi ta daji, je lamba kaza. Idan ta kasuwar aljanu, lamba kaza. Idan ta kogi… Kai ke zaɓa, littafi ya gaya maka abin da ka jawo wa kanka. In dodo ya tare hanya, a jefa ƙwayar lido biyu, ɗigo mai yawa ka sare shi, ɗigo kaɗan ya sare ka. Ranka kuwa a ƙidaye yake. Nasu maɓallai ne, waɗanda ke faɗowa daga rigunan mutane, ta tara a marfi. Kowane sara, maɓalli ɗaya ya fita. Shi ke zaɓa, shi ke jefawa, ya shafa ɗigon da babban yatsa ya faɗa. Ita baki ce kawai.

Bakin da ke tuntuɓe a kowace gaɓa. "Ƙa… ƙara…" "Ƙararrawa," zai ce, ko juyowa ba ya yi. "Ci gaba, Malama." Malama! Ita da ko ƙofar aji ba ta gama sani ba aka cire ta don jinyar Inna. Bai taɓa yi mata dariya ba. Sau ɗaya dai, ranar da maciji mai kai biyu ya fito daga rijiya ta ƙwalla ihu, dutsen guga ya cinye aljihun rigar wani malamin makaranta. Ranar har tabarau ya cire yana share hawaye, uwar ɗakinta tana faɗa tana dariya.

Wani dattijo yana wucewa da sanda, jikarsa na riƙe da hannunsa. A bango an rubuta a yi shiru. Ta karanta ba tare da ta yi niyya ba, haka abin yake yanzu, ido na sauka kalma na buɗe baki. Takardar maganin Inna, safe da yamma, bayan abinci — ita ke karantawa, ba ta ƙara tare ɗan maƙwabta a hanya tana roƙo. Saƙon ƙanwarta a waya. Sunan unguwa a gaban mota. Gari duk ya yi ta magana shekara da shekaru, ita ce kurma ba ta sani ba. Wa ya toshe, wa ya buɗe? Mutumin da ba ya gani shi ya ba ta ido. Da wane baki ake gode wa wannan? Ko kullum ta goge masa riga har ta tsufa…

Sai kogin.

Ranar ya dawo daga shagonsa, an ba wani haya, an kwashe ƙarafansa an jibge a lungu. Bai ci komai ba. Ya zauna kamar buhu, ya ce ta kogi za mu bi, muryarsa can ƙasa. A kogin wani kada ya kama shi, maɓalli ya fita, ya fita, saura ɗaya, ya jefa, ɗayan ma ya tafi. Ta buɗe lambar. Layi biyu ne kacal. Ruwa ya rufe kanka. Tafiyarka ta ƙare a nan, koma farko. Karo na farko a rayuwarta da ta karanta layi sumul a zuci, ba tuntuɓe, kuma bakinta ya ƙi. Ta dubi hannunsa a kan marfin da babu komai. Wa zai gaya wa wannan mutumin yau cewa tafiyarsa ta ƙare?

"Sai ga wani kwale-kwale," ta ji bakinta yana cewa, idonta a kan takarda kamar da gaske. "Wata mace ce ke tuƙawa. Ta miƙo maka sanda. Ƙara maɓalli ɗaya."

Ya ce wace ce ita? Ta ce littafin bai faɗi sunanta ba.

Daga nan mai kwale-kwale ta samu wurin zama. Duk ranar da ruwa ya ci shi tana nan. Kuma bakinta ba ya nauyi, ba kamar na mai guga ba. Matafiyi, ka ci abinci kuwa? Matafiyi, ka daina cewa ka zama kaya, wa ya ce maka ya gaji da ɗauka? Matafiyi, na ji daɗi da ka dawo… Abin da ita ba za ta iya furtawa ba ko za a yanka ta, waccan tana faɗa hankali kwance, muryar karatu ta rufe komai kamar mayafi.

A bangon littafin, ƙasa da hoton dutse, akwai rubutu ƙanana. Da ba ta iya ba, da ta huta. Wasan mutum ɗaya. Ɗaya! Mai ido ba ya neman baki. Zai zauna shi kaɗai da fensirinsa, ya jefa, ya duba, ya juya shafi. Kuma jiya da ta zo dubiya ya ce, "Malama, ki zo da shi gobe, shi zan fara kallo." Zai nemi kogin. Zai tarar da layi biyu, ba mace, ba sanda, ba kowa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji Inna. Ta yage shafin? Ta ce ta manta shi a mota? Subhanallahi. Littafin da ya yaye ta? Ko kusurwarsa ba ta iya naɗewa.

Zai ce ta raina shi, ta yi wa makaho wayo? Ko ya yi godiya irin ta mutunci, ya koma waldarsa, ya riƙa ɗaga mata hannu daga tsallaken titi? Wannan ya fi ciwo. A'a, ba komai. In dai ya gani, ba komai. Ta riga ta karɓi rabonta, har da ƙari…

Ƙararrawa.

Tsaya. Yaya aka yi yake sanin kalma tun ba ta kai rabinta ba? Kowace kalma, a kowace lamba, ta daji, ta kasuwa? Shi da kansa ya faɗa tun makon farko, ya haddace littafin kamar tafin hannunsa, ya ɗauko ƙararrawar nan ya fi a ƙirga kafin wuta ta same shi. Wanda ya san rijiyar maciji bai san kogi ba? Bai san layi biyun nan ba?

Kuma kullum kogi. Hanyar daji ta fi sauƙi, ita ma yanzu ta sani, ta leƙa a ɓoye, ta nan ake kaiwa dutsen. Ba su taɓa kaiwa ba. Ta kogi za mu bi, Malama. Ya jefa, ya shafa, "Kash, ɗaya da biyu," alhali idonta yana kan shida da biyar ɓaro-ɓaro. Ta ɗauka yatsan ne ya gaji, ta yi shiru don kada ta kunyata shi. Yatsan da ke gane kaurin ƙarfe da shafa ɗaya? Yana zubar da maɓallansa da gangan, ɗaya bayan ɗaya, don ruwa ya ci shi, don…

Ya taka dutse. Tun ranar farko ya gaya mata.

Ko kuwa zuciyarta ce ke ɗinka abin da take so? Dariya ke son zuwa, ko kuka, ba ta san wanne zai riga ba.

Ƙofa ta buɗe. Nas ce, da faranti da almakashi. "Ke ce mai karanta masa? Shigo mana, ya hana mu sakat."

Ɗakin fari fat, an sauke labule rabi. Yana zaune bakin gado, kansa naɗe, hannuwansa a kan gwiwa. Idan an kwance kuma duhu ne? Ba ta ma yi wannan tunanin sosai ba, tana can tana lissafin kanta…

"Malama? Maɓalli nawa ya rage mana?"

Ta laluba jaka, ta ɗauko ɗaya, fari, na rigar wani da ba ta sani ba, ta ajiye a tafinsa. Almakashi ya shiga ƙarƙashin bandejin. Littafin a rufe yake a ƙirjinta, ba lamba, ba muryar karatu da za ta ɓuya a ciki, sai tata, 'yar ƙarama.

"Ko ka gani, ko ba ka gani ba, ina bakin kogin. Ba inda za ni."