Tauraro a Madadin Adireshi Arba'in

Dogo yana kan adireshi na goma sha tara Injiniya ya zo ya tsaya a kansa, yana kaɗa makullin mota.

Asibitoci arba'in ne ke ajiye sakamakon gwajin majinyata a hannun kamfanin da Dogo ke wa aiki, kowanne da rumbunsa a intanet. Kowane rumbu kuma da dogon adireshinsa: sunan hidima, yanki, lambar asusu, sannan sunan rumbun. Aikin Dogo ya ɗaure kowane asibiti da nasa, kada wani ya leƙa na wani.

"Har yanzu kana wannan tsince-tsincen?" in ji Injiniya, ƙanen matar Manaja, wanda ya zo da digirinsa wata biyu da suka wuce. "Sa alamar tauraro kawai a gurbin adireshin. Alama ɗaya ta kwashe duka."

"Tauraro ai kowa ya shiga ko'ina ke nan. Kamar ka cire ƙofofin gidan haya ne."

"A wace jami'a aka koya maka haka?"

Ofis ya ɗauki dariya. Kowa ya san a shagon gyaran waya Dogo ya koyi kwamfuta. Manaja ya leƙo.

"Yi yadda ya ce, yau za mu buɗe."

"Yallaɓai, a ba ni a rubuce."

"Ni za ka ce wa a rubuce?"

Dogo ya goge adireshin da ya riga ya rubuta, ya sa tauraron. Da sunansa ya shiga, sunansa na'ura ta riƙe.

Kafin la'asar wata ma'aikaciyar jinya ta buɗe shafin asibitinsu, sai ga sakamakon maƙwabcinta daga wani asibitin daban, cutar da ko matarsa bai faɗa wa ba. Wayoyin ofis suka ɗau ruri.

Manaja ya juyo wa Dogo allon kwamfutar. "Sunan wa ne nan?"

"Nawa."

"To, ajiye katin shiga."

Injiniya yana gefe, ya duƙufa yana duba farcensa.

Dogo ya jefa kofinsa da cajarsa cikin jaka. Har ya kama ƙofa, ya ji murya ƙasa-ƙasa daga kujerar da ya bari. Injiniya ne, an bar masa gyaran, goshinsa sharkaf da gumi.

"Dogo, ɗan'uwa... yanki ne ke fara zuwa ko lambar asusu?"

Dogo ya so ƙwarai ya yi tafiyarsa. Amma rumbuna arba'in na nan a wangale, da cututtukan mutanen da ba su yi masa komai ba. Ya sauke jakar a ƙasa.

"Matsa."

Yana kan adireshi na shida, Manaja ya ɗaga murya daga ciki: "Wai wannan bai tafi ba har yanzu?"