Surukin da Ya Hure Takwas

Yayana Kam Seng ba ya auna mutum da aikinsa ko asalinsa, da babban yatsa yake auna shi. A wurinsa, duk namijin da aka miƙa wa katin cacar da ake kira bakara ya juya shi farat ɗaya kamar mai juya ƙwai a kasko, to ba shi da haƙuri, kuma ba zai iya riƙe mace ba. Shi ya sa da 'yarsa Wai Leng ta tashi kai saurayinta gida cin abincin sabuwar shekara, sai ta fara biyo da shi ta shagona na taliya.

"Gwaggo, ki rufa mana asiri," ta ce. "Bai san komai ba. Baba zai sallame shi tun kafin a kawo kifi."

Sunan saurayin Chi Hou. Ma'aikacin gwamnati ne, irin waɗanda ba a bari su shiga gidan caca sai lokacin bikin shekara, shi kuwa ko a bikin ba ya leƙawa. A nan Macau aka haife shi, amma ya riƙe kati kamar an ba shi jaririn wani. Ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi.

"Hannu biyu ake rabawa," na ce, "na Banki da na Ɗan Wasa. Wanda ya fi kusa da tara shi ya ci. Goma da masu hoto sifili ne. In lissafi ya wuce tara ka yar da goman, bakwai da shida uku ke nan."

"To ina dabarar take, Gwaggo?"

"Babu."

"To me zan koya?"

"Buɗe kati, ɗan nan. Shi ne duk mutuncin."

Na nuna masa yadda ake kwantar da kati a rufe, a danne shi, a riƙa naɗo gefensa a hankali har ɗigon bakin layi su leƙo. Ɗigo uku a gefe, shida ce ko bakwai ko takwas. Ɗigo huɗu, tara ce ko goma. Sauran labarin yana tsakiyar katin: shida ba ta da ɗigo a nan, bakwai na da ɗaya, takwas biyu. In ƙarin ɗigo zai ɓata maka lissafi, ka hura da ƙarfi ka kore shi. In kuwa kana buƙatarsa, ka kira shi, ka ce "Fito!" Ya tambaye ni ko iskar baki tana goge tawada. Na ce ya yi wa yayana wannan tambayar in yana so ya mutu gwauro.

Yaron yana da hannu, wannan kam ba na musu. Kafin bikin ya zo ya lanƙwasa min duk kartar da ke shagon, har masu cin taliya suna barin kwanonsu su zo kallo.

Ranar cin abincin, bayan an ci kifi da kaza, yayana ya share tebur ya zube 'ya'yan kankana a madadin kuɗi, don da su kaɗai aka yarda ya yi wasa a gidan. Matarsa Sio Fong ce ta kafa wannan doka. Ta ƙarar da ƙuruciyarta tana raba kati a gidan caca, fuskarta kuma har yau ba ta gaya wa kowa komai. Ta zauna a gefe tana ɓare lemo.

Wai Leng ta raba kati. Chi Hou ya naɗe hannun riga, ya kwantar da haɓarsa dab da tebur, ya sa yatsu. Kati ya fara naɗuwa a hankali, gwanin kyau. Yayana ya miƙe tsaye.

"Kai, yaron nan ɗan gida ne. Wai Leng, ina kika ɓoye shi?"

Ina cikin jin daɗi sai na ga Sio Fong ta ajiye lemonta. Ba katin take kallo ba, yatsun take kallo.

"Wai Leng," ta ce, "in an gama ki raka baƙonki bakin hanya. Ba sai ya sake wahalar zuwa ba."

"Mama!"

"Na san irin yatsun nan. Na ga dubunsu a gabana."

"Wallahi Mama ban taɓa shiga ba," in ji Chi Hou.

"Haka dukansu suke cewa."

Na buɗe baki zan yi bayani, ta yi min kallo ɗaya na maida shi. Ko na yi magana ba za ta yarda ba, ta san ni ƙanwar wa ce. Idon Wai Leng ya cika da hawaye. Yayana kuwa bai ma ji abin da ake yi ba.

"Ku bari ya ƙarasa mana! Na farko me ya ba ka?"

"Mai hoto, Baba."

"Sifili. Na biyun fa?"

"Uku a gefe."

"Madalla. Banki na da bakwai. Juyo kan katin, takwas muke nema."

Chi Hou ya juyo kan katin, gumi na ɗiga daga hancinsa. Aure na zame masa, ya rasa abin kamawa, sai ya kama abin da ya fi tunawa a karatuna. Ya cika kumatu ya hura, har 'ya'yan kankana suka watse ƙasa.

Yayana ya dafe kai. "Me kake yi? Kira ake yi! Ɗigo biyu muke nema, kai kana korarsu?"

Don ruɗewa yaron ya sake hurawa. Aka buɗe kati, shida ce, tsakiyarta fayau.

"Ya hure su," yayana ya ce, murya kamar an yi masa rasuwa. "Takwas ce, da idona na ga tana tahowa. Ya hure su duka biyun."

Ni kunya ta rufe ni, duk wahalata ta tashi a banza. Sai muka ji wani sauti da muka daɗe ba mu ji ba a gidan, Sio Fong ce take dariya, har tana share ido da bayan hannu.

"Ɗana, yaushe ka fara taɓa kati?"

"Watan da ya wuce, Mama. A shagon Gwaggo."

"Ai na gani. Zauna da kyau." Ta tura masa lemon da ta ɓare gaba ɗaya. "Ka ce wa iyayenka su zo mu sha shayi, a sa rana."

"Wannan?" in ji yayana. "Mutumin da bai san lokacin hurawa ba za ki ba 'yata?"

"Kai ka sani ai," ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba. "Ban taɓa ganin ka kuskure ba, ko sau ɗaya. Shi ya sa 'yarka ta girma a gidan haya."

Yayana ya durƙusa ƙarƙashin tebur yana tsince 'ya'yan kankana, ya daɗe bai fito ba.